Kiran Ƙarfe Uku a Aliero

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Duk wanda na haɗu da shi, a bakin masallaci ko wajen mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Injiniya Lawal, yaya Kebbin? An ce ka tafi da aiki ka dawo da buhun albasa." To, gaskiya ne, kuma albasar da iyalanku suke ta aikowa a ɗebar musu ita ce. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai sani ba, wani shirin taimaka wa manoman rani ne ya ɗauke ni kwantiragi. Jihar Kebbi sabuwa ce, ofisoshi da yawa ma a gidajen haya suke. Bara na je na girka musu kwamfuta a Jega da Aliero da Maiyama. Ba waya a ofisoshin, don haka kowace kwamfuta na haɗa ta da rediyon oba-oba ta hanyar wani ɗan akwati da ake kira modem, wanda aikinsa ya mai da rubutu ya zama kuka ya bi iska. Babban ofis na Birnin Kebbi yana aika wa Jega da safe, Jega ta raba wa sauran biyun da rana. Abin da nake so ku riƙe shi ne, na'urar nan ba ta jefa saƙo ta juya baya. Sai ta fara tambaya, "kana nan?" In ba a amsa ba, ta riƙe kayanta. In an amsa, ta miƙa ɗan yanki, ta jira a ce "na karɓa", sannan ta miƙa na gaba. Ke nan dole mai aikawa da mai karɓa su kasance a kunne lokaci guda. Man janaretan ƙauye kuwa na rabin awa ne kacal a rana, kun dai san halin da ake ciki da mai.

Wata takwas abu yana tafiya sumul. Sai ga takarda daga Manajan shirin: mako bakwai ke nan Aliero ba ta amsa kira. In zo in duba. In na'ura ce in gyara, in kuwa mutum ne, sun riga sun san abin da za su yi da shi.

Daga Zariya na bi ta Funtuwa da Gusau, na kwana Sakkwato, da safe na shiga wata tsohuwar tasi mai zuwa Jega, an ɗaure mata jarkar mai biyu a kai. Kujerar gaba wani mahauci ne daga Gusau ya saye ta duka, domin ƙafarsa a karye take, ya miƙe ta an naɗe da zane. Aliero za shi, wajen masu ɗori. Na tambaye shi me ya hana shi asibiti. Ya waiwayo ya dube ni kamar na tambaye shi me ya hana shi cin alade, ya ce, "Malam, kai daga ina?" Na ce Zazzau. Ya ce, "Ai shi ya sa." Daga nan har muka rabu bai sake kula ni ba sai in mota ta faɗa rami, ya yi salati, ya ce da direba Allah ya isa.

Bayan Tambuwal akwai allon da ke cewa an shiga jihar Kebbi, fentinsa ma bai gama dusashewa ba, ga shingen sojoji a gindinsa. Gonar da ke wannan gefen da ta wancan gefen duk gero ɗaya suke nomawa, amma an tsayar da mu an buɗe but. Wani kofur ya zaro kwalin faya-fayan kwamfutata ya ɗaga ɗaya yana hange ta rana. Ya ce waƙar wa ke ciki? Na ce ba waƙa ba ce, rubutu ne. Ya ce to in karanta masa. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, fasinjoji sai tsaki suke ja. Mahaucin nan ne ya cece ni, ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan boko ne, bar shi da wahalarsa, ni ƙafata za ta ruɓe." Kofur ya yi dariya, ya riƙe faifai ɗaya wai zai kai wa yaransa, ya ɗaga mana sanda. Alhamdu lillahi wanda ba komai a ciki ya ɗauka.

Mun ajiye mahauci a Aliero. Wallahi tun kafin ka ga garin za ka ji shi a hanci. Albasa tuli-tuli a bakin titi, manyan motoci jere, ana ta lodi. Na hango eriyarmu tsaye a kan ofis, lafiyarta ƙalau, na so in sauka, amma umarnin da aka ba ni shi ne in fara da Jega.

Jega gari ne na 'yan kasuwa, kowa sauri yake, kowa da abin da zai sayar maka. An sauke ni a masaukin ma'aikata, ɗaki mai fanka ba wuta, famfo ba ruwa, sai wani tulu da mai gadi ya ce in yi hattara da shi don ya girme ni. Abinci kuwa ban yi kuka ba. Tuwon shinkafa da kifin gulbi, na ci har na ji kunya. Sai wani abu da suke kira hoce, na garin dawa, gasasshe. Na gatsa da ƙarfin hali irin na baƙo, haƙorina ya ce bai yarda ba. Mai sayarwa ta kalle ni ta ce, "Jiƙa shi akai, baƙo, ba a yi mai gaggawa." Hausarsu ma sai da na kasa kunne. Mu mu ce "da suka zo", su su ce "da sunka zo". Kwana ɗaya na yi na ji bakina yana neman karkacewa.

Mai kula da na'urar Jega sabo ne, ban san shi ba. Bashar sunansa, matashi mai tsabta, riga a goge, biro uku a aljihu. An kawo shi ne bayan an yi wa na da canjin wurin aiki. Ya nuna mini takardar ƙa'idojin aiki manne a bango, wadda ni na rubuta ta da hannuna bara, ya ce bai taɓa saɓa ko layi ɗaya ba. Muka je masallacin da yake bi, aka tayar da Azahar ɗaya da kwata, muka dawo, biyu saura kwata ya kunna rediyo. Maiyama ta amsa nan take, saƙonninta suka wuce. Ya kira Aliero. Shiru. Na'ura ta yi ta tambaya "kana nan?" har rabin awa ya cika, ya kashe.

"Ka gani ko, Injiniya?" in ji Bashar. "Kullum haka. Tsohon nan ba ya kunnawa. An aika masa direba har sau biyu, tsohon ya rantse wai kullum yana kunnawa. To ina man yake zuwa?"

Tsohon da yake nufi shi ne Baba Umaru. Na san shi bara, tsohon ma'aikacin oba-oba ne tun ƙarshen zamanin En'e, shi ya fi kowa saurin gane na'urar. Na buɗe layin saƙonnin da ke jiran Aliero, sun taru sun kai arba'in, a jere yadda suka zo, don na'urar ba ta tsallake wani ta ɗauki wani. Can wajen ƙarshe na ga kan wata takarda. Takardar sallamar Baba Umaru ce daga aiki, tana fara aiki ranar da ya karɓe ta. Bashar ya ce Manaja da kansa ya ce a sa ta nan, wai, "In ya ga dama ya kunna, ya karɓi abinsa." Kun ji fa. Ni aka aiko in gyara hanya, kuma ranar da hanyar ta gyaru, ta cikinta korar mutumin za ta bi. Na kwana da abin a raina, ko kifin ban ji daɗinsa ba a ranar.

Washegari na ce bari in je inda abin ke aiki in ga me ya sa yake aiki. Na hau a-kori-kura zuwa Maiyama, tsakanin buhunan gishiri da wani rago da ya ɗauki takalmina abinci. Ofishin Maiyama ɗaki ɗaya ne jikin wani ƙaramin asibiti, mai kula da shi Malama Kulu, mace mai fara'a da baki kamar reza. Tana ganina ta ce, "A'a, Injiniya, ka rame. Matan Zazzau ba su iya tuwo ba?" Ta sa aka damo mini fura mai kauri irin tasu, wadda ludayi ke tsayawa a ciki.

Ita ba ta da matsalar mai, domin ta ja waya daga batirin hasken rana na firjin allurar asibiti. A ofis take sallarta, rediyonta kuma a kunne yake yini. Biyu saura kwata Jega ta kira, suka gama harkarsu. Na duba komai, ba abin da na gano. Ina haɗa kayana, wajen ƙarfe uku, sai rediyo ya fashe da wani kuka, ƙiii, ya yi shiru, ya sake.

Na ce, "Malama, wannan fa?"

Ta ce, "Oho. Kullum warhaka shina yi. Ba ni yaka kira ba, lambata ba ta fitowa. Sai ya yi ta yi kamar akuyar da anka raba da ɗanta, rabin awa, ya bari. Na ɗauka aljanun na'urarku na."

Na zauna na kunna allo na karanta lambar mai kiran. Aliero ce, tana neman Jega. Na ce tun yaushe? Ta ce tun wajen da aka canza ma'aikacin Jega. Na ce me ya hana ta faɗa? Ta riƙe haɓa ta ce, "Wa ya tambaye ni? Littafin da ka ba mu, gidan rana ɗai gare shi da gidan maki. Akwai gidan kukan akuya?"

Idona ya kai kan bango. Takardata ce a manne, irin ta Jega. Layi na uku, da rubutuna mai kyau da nake alfahari da shi: "A kunna na'ura kullum bayan sallar Azahar." A littafin Turancin da aka ba ni ƙarfe biyu aka rubuta. Ni ne mai wayo, na ce mutanenmu ba su aiki da agogo, bari in sauƙaƙa musu.

Na biyo ta Jega na ce da Bashar gobe kada ya kunna sai ƙarfe uku daidai, ya saita agogonsa da labarun rediyo. Ya ce wannan ya saɓa wa takarda. Na ce ni na rubuta takardar, ni kuma na ce. Da safe na kama hanyar Aliero.

Na tarar da Baba Umaru yana share ƙofar ofis. Dogo ne siriri, gemu fari, hula ta sha wanki. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ka zo? To alhamdu lillahi. Ni dai na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya nuna mini na'ura a lulluɓe da zanen matarsa, ko ƙwayar ƙasa babu. Ya nuna littafi, maki a kowace rana, har ranar da aka yi jana'izar ƙanensa. Ya ce abin da ya fi ci masa rai ba ofis ba ne, gari ne. Manoman Jiga Birni da Jiga Makera suna zuwa tambayar labarin taki da gyaran injin ban ruwa, ya ce babu, har an fara cewa a kasuwa Umaru ya sayar da man ya bar mutane a rana. Da zai faɗi wannan sai da ya kau da kai.

Kafin lokaci ya yi, ya zaga da ni wajen lodin albasa. Ina son ganin yadda mutum biyu ke ɗaga buhun da ya fi ni nauyi su miƙa wa na kan mota. Na lura na ƙasa ba sa saki sai na sama ya ce "sake!" Baba Umaru ya ce, "Ka ga na'urarka nan. Ranar da ka koya muna, da wanga na gane ta. In ka saki ba a ce ma sake ba, ƙafar wani ta tahi wajen masu ɗori."

Ɗaya da kwata ta wuce, biyu saura kwata ta wuce, Baba Umaru yana zaune yana ba ni labarin oba-oba. Sai biyu da rabi ladaninsu ya tayar. Masallacin kakanninsa ne, haka suka gada, kuma in an sallame yakan ɗan zauna da carbinsa. Tsohon ma'aikacin Jega ma irin wannan masallacin yake bi, shi ya sa wata takwas ba a samu saɓani ba. Bashar ya yi daidai, Baba ya yi daidai, kowa bayan Azahar ɗinsa yake kunnawa. Mako bakwai suna sallama a ƙofa ɗaya, wannan ya tafi kafin wancan ya iso.

A hanyar dawowa daga masallaci na gaya masa komai, har da takardar da ke jiransa a layi. Na ce, "Baba, ga shawara. Yau kada mu kunna. Muddin ba ka karɓa ba, ba a kore ka ba. Ni zan wuce Birnin Kebbi in yi wa Manaja bayani, in an janye ta sai mu kunna."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce, "Yaron ga na Jega zai kira ƙarfe ukku?"

Na ce zai kira.

"In zauna ina jin shi in yi shiru? Ɗana, ai abin da sunka ce ina yi ke nan. Ban yi shi ba mako bakwai, ba ni fara shi yau. Kuma saƙon mutane na bayan nawa, saƙon mutane ko ba a taɓa shi."

Na yi magiya, ya wuce ni ya je ya ja igiyar janareta da kansa.

Ban taɓa jin daɗin kukan modem da tsoronsa a lokaci guda ba sai ranar. Aliero ta ce "kana nan?" Jega ta ce "ina nan." Baba Umaru ya ce, "Allahu akbar," a hankali. Firinta ta fara kurza takarda. Yanki ya zo, na'urarsa ta ce "na karɓa", wani ya zo. Taki, iri, taron da aka yi aka gama tun wata ɗaya da ya wuce, takardar tuhuma ta farko, ta biyu. Yana yagewa yana jerawa yana sa maki. Da tasa ta fito na gane ta tun daga kanta. Na ga hannuna ya nufi wajen makunni, ya buge shi kamar yadda ake buge hannun yaro daga kwanon miya. Ya bari ta fita duka, ya karanta har ƙasa, ya sa mata maki a littafi kamar sauran, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ta bayanta sanarwa ce cewa makanikan injin ban ruwa za su zo Jiga Birni jibi. Ya ce, "Ka gani? Da mun bari sai ka dawo, da sun zo sun tarar ba kowa."

Saura minti shida a man. Jega ta ce ta gama, in akwai saƙo a miƙo. Na ja kujera na rubuta wa Manaja. Ban yi dogon Turanci ba. Na ce na'ura lafiya, ma'aikatan biyu ba su da laifi, Malama Kulu shaida ce, kuskuren yana layi na uku na takardar ƙa'idoji, kuma ni na rubuta shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, yatsana ya daɗe a kan madanni. Kwantiragina saura wata biyu a sabunta, Manaja kuma yana da baƙi masu zuwa duba aiki, dole ya sami wanda zai nuna musu. Baba Umaru ya karanta ta kafaɗata ya ce, "Cire sunanka, ka ce takarda ta. Kai yaro na, kana da gaba." Na ce, "Baba, saƙon mutane ba a taɓa shi, kai ka ce." Na danna. Yankin ƙarshe ya sami "na karɓa", janareta ya yi tari biyu ya mutu.

Da la'asar ya hau kekensa ya tafi Jiga Birni da Jiga Makera kai sanarwa, mutumin da aka kora awa ɗaya da ta wuce. A gidansa na kwana, aka jiƙa mini hoce a nono, sai ga shi abu mai daɗi.

Washegari ƙarfe uku ya zo ya kunna, wai kafin a turo wanda zai karɓe shi ba za a bar na'ura ba kowa ba. Saƙo ɗaya ne ya zo, layi biyu. Ya yage, ya karanta, ya daɗe yana kallonsa. Layin farko ya ce an janye takardar Malam Umaru, ya ci gaba da aiki. Na biyu ya ce Injiniya ya dawo babban ofis ya miƙa kayan aikin da ke hannunsa. Kowa ya san fassarar wannan. Ya miƙo mini da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ban taɓa ƙin kai saƙo ba, amma wanga ya yi min nauyi." Ni kuwa, ku yarda ko kada ku yarda, sanyi na ji a raina. Kafin in fita na ɗauki biro na soke layi na uku a bango, na rubuta ƙarfe uku.

Shi ya raka ni bakin titi, ya sa aka ɗora mini buhun nan a but, ya hana ni magana. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "In ka isa gida ka aiko in san ka isa. Ni kullum ƙarfe ukku ina nan." Ya manta ba ni da na'ura yanzu, ni ma ban tuna masa ba.

Na rubuta masa wasiƙa na ba wani direban motar albasa da ya ce yana komawa can. Yau mako biyar ke nan. Ban sani ba ko ta isa, ko tana aljihun direba ta sha wanki. Shi ya sa kuke ganin in ƙarfe uku ta yi, ko muna tsakiyar hira, sai in duba agogo in yi shiru. Ba wani abu ba ne. Ban ji ya ce ya karɓa ba tukuna.